Gwaggo da Maganin da Ba Ta Ƙarasa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta koma ga Mahaliccinta ranar wata Laraba da hantsi, a tsakiyar daminar bana, a gidanmu na gado da ke Kazaure. Kafin maza su dawo daga maƙabarta tsakar gida ta cika, har sai da aka shimfiɗa tabarmi a gidan maƙwabta.

Ina zaune cikin masu karɓar gaisuwa, ina jin kowa yana faɗin wadda ya sani, kamar mata da yawa ne suka rasu ba mace ɗaya ba. Waɗansu mata da suka taso tun daga Kanya Babba suka durƙusa gaban Innarmu suna cewa, "Ashe Hajiya mai aduwa lokaci ya yi? Allah Ya ji ƙanta." Wata dattijuwar Bafulatana daga wajen Gwiwa ta shigo tana kuka, tana haɗa Hausa da Fulatanci, tana cewa likitarta ce ta tafi. A zaure kuma, ƙanena ya ce mini waɗansu masu furfura sun zo daga jami'a, suna kiranta Farfesa, ɗayansu ya fara addu'a muryarsa ta sarƙe, sai wani ne ya ƙarasa masa.

Wata amarya, sabuwar zuwa unguwar, ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya. "Yaya, wai marigayiyar aikin me take yi ne? Wannan ta ce likita, wannan ta ce mai aduwa."

Na buɗe baki na rasa ta inda zan fara. Gwaggo ba ta bar ɗa ba. Ta yi aure, mijinta ya rasu da wuri, Allah bai ba su haihuwa ba, ba ta kuma sake aure ba. In mu 'ya'yan ƙannenta muka yi shiru, to labarinta ya tafi tare da ita. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da na gani da idona.

Da farko dai, ba likita ba ce, kuma ba ta son a kira ta haka. "Ni ban taɓa duba marar lafiya ba," take cewa. "Likita shi yake rubuta magani. Ni ina can baya, inda ake neman maganin." Ilimin haɗa magunguna ta karanta, a zamanin da 'ya mace daga garinmu ba kasafai take wuce firamare ba, ta kuma ƙare ƙuruciyarta a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Aikinta duk a kan dangin magani ɗaya ne, wanda ake kira siteroyid.

Ni ta yi wa bayaninsa wata rana muna tsintar shinkafa. Ta ce a saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da Allah Ya ɗora wa aikin fitar da wani sinadari mai sauke kumburi. Masana suka koyi haɗa irinsa, suka mai da shi ƙwaya da allura. In gaɓɓai suka kumbura, ko ƙirji ya toshe, ko jiki ya tashi yana yaƙar kansa, babu mai saurin aiki kamarsa. Amma in aka daɗe ana sha, fuska ta yi zagaye, suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi ta zaizayewa ta ciki mutum bai sani ba.

"To ke me kike nema a ciki, Gwaggo?" na tambaye ta.

"Ina neman ɗan'uwansa wanda zai sauke kumburin ya ƙyale ƙashin. Shi ke nan. Ba wani dogon abu ba ne a baki."

Nan aduwa ta shigo. Ta ce a cikin 'ya'yan aduwa akwai wani sinadari da ginin jikinsa ya yi kusa da na wannan magani, wanda in aka tace shi aka sassauya shi, ana iya samun sababbin iri da za a gwada. Saboda haka duk hutun rani sai ta zo gida, ta ɗauki hanyar Babura, ta bi ƙauyuka tana sayen aduwa wurin matan da suke tsintowa. Ta dawo da buhuna a jibge a ɗakin Innarmu. Inna ta yi ta mita, wai an mai da mata ɗaki rumbu. Mu kuwa yara muka yi ta sata muna tsotsa har cikinmu ya ɓaci, Gwaggo tana dariya tana cewa mun rage mata aikin gwaji.

Abu ɗaya take nanata wa matan nan kowace shekara. "Kada ku je ku ce Hajiya ta ce aduwa tana maganin sanyin ƙashi. Ban ce ba. Nema nake yi, ban samu ba tukuna."

Wannan "ban sani ba tukuna" ita ce maganar da ta fi yawa a bakinta. Ka kawo mata garin magani ka ce wane ya sha ya warke, ta juya shi, ta shinshina, ta ce, "Ban sani ba tukuna." Baba yakan tsokane ta. "Yaya, duk karatun nan da kika yi, har ƙasar waje, kullum ba ki sani ba?" Ta ce, "Ai karatun ne ya koya mini faɗinta." Tana wanke hannu har gwiwar hannu ko goro za ta ci. Ba a miƙa mata gwangwani, ko na madara ne, ba ta juya gindinsa ta duba ranar lalacewarsa ba. Shayinta babu sukari, mu a lokacin mun ɗauka tsabar son wahala ne.

Da ta yi ritaya ta dawo Kazaure da zama, sai rigima ta tashi tsakaninta da Baffa, autan ɗakinsu, wanda ita ta goya shi. Baffa yana da kemis kusa da kasuwa. Wata ranar kasuwa na raka ta shagon, muka zauna a benci muna jiran ya sallami mutane. Muka ga yana ƙulla ƙwayoyi kala-kala a 'yar leda, abin da ake kira haɗi, yana miƙa wa manoma masu ciwon baya da mata masu son yin ƙiba. Can sai ga wannan Bafulatanar ta Gwiwa, ta sauke ƙwaryar nononta ta ce a ba ta maganin ciwon gwiwa irin na kullum. Fuskarta ta yi tim, wuyanta ya yi kauri, ƙafafunta kuwa sirara.

Gwaggo ta miƙe ta karɓi ledar daga hannun Baffa, ta kwance, ta zaro wata 'yar ƙaramar farar ƙwaya ta ɗaga.

"Tun yaushe take shan wannan?"

"Ta daɗe, Yaya. Kuma tana jin daɗinsa, tambaye ta."

"Na san tana jin daɗinsa. Dubi fuskarta. Kai ka ga wannan ƙibar lafiya ce?"

Baffa ya dubi mutanen da suka cika shagon, ransa ya ɓaci. "Yaya, in ban ba ta ba, na gaba da ni zai ba ta. Ku kuna can cikin sanyin ofis, mu ne muke ganin mai ciwo yana kuka. Shekara nawa kina neman naki maganin? Ina yake?"

Gwaggo ta juya wurin matar ta ce, "Baiwar Allah, ɗauki ƙwaryarki, asibiti za mu je." Abin da ya ba ni mamaki, ta mayar da ƙwayar cikin leda ta damƙa mata. Ta ce kada ta kuskura ta daina lokaci guda, likita ne zai yi ta rage mata sannu a hankali. A asibiti aka tarar suganta ya yi mugun hawa, ita ba ta ma san tana da shi ba. Gwaggo ta riƙe ta a gidanmu har aka daidaita ta, daga nan suka zama aminai. Duk ranar kasuwa sai matar ta aiko da nono.

Tsakaninta da Baffa kuwa gaisuwa ta yanke. Sallah ta zo ta wuce bai shigo ɗakinta ba. Baba ya yi magana har ya gaji. Mu 'ya'ya muka rasa inda za mu sa kanmu, domin kowannensu namu ne. Sai wata safiya muna karin kumallo, Baffa ya yi sallama ɗauke da kwali, ya dire shi gaban Gwaggo, ya tsuguna.

"Ga su nan duka, Yaya. Ki ƙona, ko ki zuba a masai. Matar nan ta zo shagona jiya, na ga fuskarta ta dawo ta mutane. Kuma maganar da na faɗa miki, ki yafe mini."

Gwaggo ta dubi kwalin. "Maganar da ka faɗa gaskiya ce, ban samu ba. Zafinta ne ya yi mini yawa. Tashi ka mayar da kayanka. Ba ƙonawa za ka yi ba, ajiyewa za ka yi a ciki. Wanda ya zo da rubutun likita ka ba shi. Akwai wanda in babu wannan ƙwaya ba zai kai gobe ba." Ta tura masa kwanon ƙosai. Ya ci yana share ido da hannun riga.

Ban san cewa maganar nan a kaina za ta faɗo ba. Ina aure a Roni, ina koyarwa a firamare. 'Yata ta biyu, wadda aka sa wa sunan Gwaggo, ita kuma Gwaggo take kiranta Takwara, ba ta ma isa shiga makaranta ba sai ta fara tashi da kumburarrun idanu. Muka ce ko cizon ƙwaro ne. Kafin mako ya zagayo ƙafafu sun kumbura, ciki ya ɗaga, fitsarinta yana kumfa. Aka tura mu wani babban asibiti a Kano. Likita ya ce ƙodarta ce take zubar da abin da ya kamata ta riƙe, ya rubuta magani. Da aka miƙo mini na duba, sai na ga 'yan fararen ƙwayoyin nan ne na shagon Baffa, kuma da yawa za ta riƙa sha kowace safiya. Na fita baranda na kira Gwaggo.

"Ki ba ta yanzu," ta ce. "Kada ki jira ki dawo gida."

"Gwaggo, ai shi ne wanda kika ce yana cin ƙashi."

"Shi ne. Waccan matar ba ta buƙatarsa, kuma babu mai lura da ita. Takwara tana buƙatarsa, kuma likita yana kanta. 'Yar nan, ki yi bismillah ki ba ta."

Na ba ta. Cikin ikon Allah kumburin ƙafa ya sauka, fitsari ya washe. Amma da makonni suka ja, sai fuskar yarinya ta cika ta yi zagaye, ci ya buɗe mata har tana kuka a kan tukunya, ga saurin fushi, ita da ba ta da hayaniya. Mata suka fara magana a gidan suna. Wata ta ce an canja mini 'ya. Maigidana, mutum mai haƙuri, ya dawo daga masallaci wata rana ya ce ya isa haka, daga gobe ba za a ƙara ba ta ba, tunda ciwon ya tafi. Na roƙe shi, ya ce ya gama magana.

Washegari kafin azahar sai ga Gwaggo a ƙofar gidanmu, da 'yar jakarta. A lokacin tafiya ta fara yi mata wuya, sai da direba ya kama ta ta sauko. Bayan an gaisa ta ce a kira mata maigidan. Ya zo ya zauna daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

"Gwaggo, ba raina maganarki na yi ba," ya ce. "Amma yarinyar nan ta fita kamanninta. Ina tsoron mu je neman lafiya mu jawo mata wata cutar."

"Tsoronka yana kan hanya, Malam, uba ne kai. Amma bari in gaya maka abin da yake cikinta yanzu. Tun da ta fara shan wannan, 'yar tsokar da take yi mata irinsa a jiki ta kwanta barci, don ta ga ana kawowa daga waje. In ka yanke yau, babu na waje, babu na ciki. Yarinya tana iya faɗuwa a tsakar gidan nan, kafin a kai Kano an rasa ta. Sai an yi ta ragewa kaɗan-kaɗan, har ta cikin ta farka."

Duk da haka na ga bai sauko ba. Sai Gwaggo ta buɗe jakarta ta fito da wata 'yar kwalba, ta ajiye a kan tabarma. Ta miƙa hannayenta gabansa. Yatsun sun karkace, gaɓoɓin sun yi ƙulu-ƙulu.

"Ka ga waɗannan? Tun ina aiki ciwon gaɓɓai ya kama ni, irin wanda jiki yake cin kansa. Wannan kwalbar irin na Takwara ne a ciki. Da shi nake iya ɗaura zani. Shi ya sa mini suga, shi ya hana ni sukari a shayi. Na san amfaninsa, na san sharrinsa, a littafi da kuma a jikina. Ba zan sa jikata a abin da ban sani ba. Fuskarta za ta dawo, in Allah Ya so. Ka ba ni amanarta."

Duk zamana da ita ban taɓa sanin tana sha ba. Ashe ranar da Baffa ya ce mata suna cikin sanyin ofis ba su san mai ciwo ba, da ƙwayar a jakarta take tsaye.

Maigidana ya ɗago ya ce, "Na ba ki, Gwaggo. Allah Ya sa mu dace."

Ba ta koma Kazaure ba sai da aka gama. Ta zauna da mu a Roni, a ɗan ɗakin da babu ko fanka. Kowace safiya ita take ba Takwara magani da hannunta, su sha tare, kowacce da kofinta, tana ce mata, "Takwara, zo mu yi aikinmu." Ta hana a sa gishiri da yawa a miya, har maigidana yana cewa tun da Gwaggo ta zo ya manta ɗanɗanon abinci. Duk ranar komawa asibiti tana cikin mota, duk da ramukan hanya suna sa ta cije baki. Ciwon ya taɓa dawowa sau ɗaya, aka sake bin hanyar daga farko, Gwaggo ta sake dawowa ta zauna. Yau Takwara tana ajin ƙarshe a sakandare, doguwa siririya, wanda bai sani ba ba zai ce ta taɓa kwanciya ba.

Maganin Gwaggo kuwa bai fito ba. Ta taɓa ba mu labari muna cin abincin rana. Ta ce a cikin duk irin da suka haɗa daga aduwa, akwai ɗaya da ya sa ta kasa zama don murna. Sun gwada shi a jikin ɓeraye, kumburi ya sauka, ƙashi bai taɓu ba. Suka ci gaba da gwaji, tare da fama da ɗaukewar wuta da take lalata musu abin da suka adana a firji. Daga baya suka buɗe ɓerayen suka tarar hantarsu ta lalace. Waɗansu suka ba ta shawara ta fitar da labarin farko kawai, na biyun a bar shi sai an ƙara bincike. Ta ƙi. Ta rubuta duka biyun ta fitar.

Baba ya ajiye cokali. "To Yaya, shekarun nan duk sun tafi a banza ke nan?"

"A'a. Duk wanda ya zo bayana ya san wannan ƙofar ba ta ɓullewa, ba zai ɓata ƙuruciyarsa a kanta ba. Ɗalibaina suna kan wata yanzu. Ko za ta ɓulle, ban sani ba tukuna."

A farkon shekarar nan santsi ya ɗauke ta a bakin banɗaki. Faɗuwar ba wata babba ba ce, yaro zai tashi ya karkaɗe jiki ya wuce, amma ƙashin ƙugunta ya karye. Likitoci suka ce ƙasusuwan sun yi laushi ƙwarai, aiki ba zai riƙe ba. Aka dawo da ita gida, ba ta sake takawa ba.

Ana saura 'yan kwanaki ta rasu, da la'asar, ana yayyafi, muna ɗakinta ni da Baffa da Takwara. Takwara tana shafa mata mai a yatsu. Baffa ya dubi 'yar kwalbar da ke gefen gado, ya yi tsaki.

"Wannan abin shi ya kwantar da ke, Yaya. Kin ƙare rayuwarki a kansa, ga sakayyar da ya yi miki."

Gwaggo ta girgiza kai a hankali. "Kada ka zage shi a ɗakina. Ba don shi ba, da tun ina da sauran ƙuruciya na zama sai an ɗaga an kwantar. Da shi na koyar, da shi na yi ɗawafi da ƙafata. Ga wannan da take riƙe da hannuna, da shi Allah Ya bar mana ita. Ya karɓi ƙashina, na sani, amma sai da ya ba ni shekaru tukuna."

Ta huta, numfashinta yana fita da ƙyar, sannan ta ci gaba. "Mutanen da suka fara haɗa shi, ban taɓa ganinsu ba. Su ma ba su san za a yi wata mata a Kazaure da za ta sha ba. Na tabbata su ma sun yi ta gwadawa yana ƙi. Tun da na fara sha, ban taɓa idar da sallar asuba ban ce Allah Ya saka musu da alheri ba. Wata rana wata za ta sha wanda ya fi wannan, ciwon ya tafi, ƙashinta yana nan. Ba za ta san ni ba. Ba komai."

Baffa ya sunkuyar da kai. Takwara ta ce, "Ni na san ki, Gwaggo."

Ta yi murmushi ta ce, "To ai ya isa."

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka. Ka san ciwon da ta ɓoye, Ka san wanda ta sauke wa mutane. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata kabarinta, Ka tashe ta da jikin da babu inda yake mata ciwo. Waɗanda ta bari a kan aikin, Ka buɗa musu abin da ba Ka nufe ta da gani ba. Mu kuma da muka ci moriyarta, Ka ba mu ikon yi mata addu'a kowace asuba, kamar yadda ta yi wa waɗanda ba ta sani ba. Amin.